Baƙon da ke Kwankwasona

Damina uku ke nan da saukarsa.
Ban faɗo daga jaki ba,
ban zame a bakin rijiya ba.
Sunkuyawa na yi zan ɗauki basilla
da ta gangara ƙarƙashin buzu,
sai na ji an riƙe ni ta baya,
riƙon da har yau ba a saki ba.

Da asuba yana zaune a tsatso.
Kafin azahar ya koma katarar hagu,
ya bi cinya a hankali
kamar zaren da aka ja fiye da kima a ɗinki.
In na nuna nan, ya matsa can,
bai taɓa tsayawa yatsa ya same shi ba.

Na hau kabu-kabu zuwa Gawon Nama,
kowane rami a hanya ya gaishe ni da suna.
Aka kwantar da ni kan ƙarfe mai sanyi,
aka ɗauki hoto, aka ɗebi jini.
Likitar sa'ar Luba ce, autata.
Ta ɗaga hoton ga hasken taga,
ta daɗe tana dubawa.
"Baba, ƙashinka lafiya lau."
Na yi godiya, na miƙe ina dafa tebur.
Kuɗin tim-tim huɗu na biya
aka shaida mini mai cizona bai fito ba.

Inna Tumba ta ce, "Sanyi na, sha saiwag ga."
Jaɓɓi mai nama ya ce, "Basir na."
Wanzami ya kafa ƙaho bakwai a gadon bayana,
ya nuna mini baƙin jini a kasko,
na yi kwana biyu ina murna.
Wani ya raɗa mini cewa hannu ne,
in duba cikin abokan sana'a.
Na duba. Modi na gani yana cin goro,
Modi da ya ɗauki makarar mahaifina.
Wannan maganin kam ban sha ba.

Wanda ya karye ana zuwa masa dubiya da lemo.
Ni kuwa ciwona ba shi da suna,
kuma marar suna ba a yi masa sannu sau uku.
Yanzu in an ce yaya jiki, sai in ce da sauƙi,
don tambayar ta gaji kafin ciwon.

Na koyi 'yan dabaru.
Matashi tsakanin gwiwa in zan kwanta.
Ruwan ɗumi a tsumma, Ige ta danna mini
tana ba ni labarin tsadar albasa.
Na sa kafinta ya ɗaga teburin aiki,
ina yankan fata a tsaye kamar mahauci,
yara a Madunka suna dariya, ni ma ina yi.
Jiƙar bagaruwa da ɗaukar ƙirgi na bar wa Dikko.
A masallaci ina da kujerar roba a ƙarshen sahu.
Ranar farko na ji kunya har wuya,
goshina yana kewar ƙasa,
sai liman ya ce Mai karɓa ya san abin da hoto bai gani ba.

Ba kullum nake da haƙuri ba.
Akwai daren da zafin Sakkwato ya hana iska motsi,
wuta ta ɗauke, shi kuma ya farka,
in zauna bakin gado ina tambayarsa:
me na ci maka? Yaushe za ka tafi?
Bai taɓa amsawa ba.

Jiya na taka har bakin Rima da la'asar,
na tsaya sau biyar, na ƙirga.
Bara sau tara nake tsayawa.
Ban sani ba ko shi ne ya sassauta
ko ni ne na gane tafiyarsa.
Na dawo na rina fatar jar akuya da karan dafi,
launin ya kama yadda nake so.
Gobe zan ɗinka ta,
in ya bar ni na zauna.
In bai bari ba, a tsaye.